Me ya sa ƙwan kajina masu tsantsar iri ba ya ƙyanƙyashewa?

Tambaya: Ina kiwon kaji masu tsantsar iri kala uku: Brahma, Wyandotte, da ƙananan kajin Japan ɗin nan masu gajerun ƙafafu da ake kira Chabo. Kowane iri na sayo zakara ɗaya da kaji biyu a hannun mutum ɗaya, yanzu kuma jikokinsu nake haɗawa. In na zuba ƙwai 40 a injin ƙyanƙyasa da ƙyar nake samun 'yan tsaki 12 ko 13, alhali ƙwan kajina masu gaurayen jini da nake zubawa tare da su kusan duk yana fitowa. Na haska wasu na ga wayam, wasu kuma tsakon ya cika ƙwai amma ya mutu a ciki. Injin zan canza ko zakarun?

Amsa: Ɗan'uwa, ka dakata da sayen inji, ka kuma bar zakarun inda suke tukuna. Rabin amsar tana cikin tambayarka. Injin da ya fitar da ƙwan gauraye lafiya lau, a zubi ɗaya da zafi ɗaya, ba shi ne babban mai laifi ba, ko da yake yana iya samun nasa ɗan kason, zan zo kansa. Abin da kake gani matsala ɗaya kuwa, uku ce. Akwai ƙwan da tun farko babu zakara a cikinsa. Akwai wanda tayi ya soma ya mutu a makon farko. Akwai kuma wanda tsako ya kai ƙarshe ya kasa fitowa. Kowanne da sababinsa, amma yawancin masu kiwo sukan haɗa su duka su ce baragurbi ne, su zubar da su tare da duk bayanin da ke cikinsu.

Don haka aikinka na farko fasa ƙwai ne, tun kafin zubi na gaba. Ɗauki sabbin ƙwai biyar ko shida daga kowane akurki, ka fasa su ɗaya bayan ɗaya a faranti, a wuri mai haske. A jikin gwaiduwa akwai wani ɗan farin ɗigo. In bai fito sama ba ka juya gwaiduwar a hankali da cokali. Idan ɗigon ƙarami ne, fari fat, gefensa bai daidaita ba, faɗinsa kamar milimita 2, wannan ƙwai babu zakara. Idan kuwa ya kai milimita 4 zuwa 5, zagayayye sosai, da farin zobe a kewaye, to akwai zakara, kuma a lokacin da kaza ta saka shi tayin ya riga ya kai ƙwayoyin halitta dubu 40 zuwa 60. Na fi amincewa da wannan gwaji a kan haskawa da tocila, domin tocila tana yaudara. Tayin da ya mutu a rana ta farko ko ta biyu a inji, kafin jini ya bayyana, in ka haska shi a rana ta 7 wayam za ka gani, tamkar ƙwan da zakara bai taɓa hawa uwarsa ba. Sai mutum ya ɗora wa zakara laifi ya rabu da shi, alhali ya yi aikinsa. Wanda ka haska ka ga wayam ma ka fasa shi. In ka ga wata farar yana ta bazu a kan gwaiduwa, ko jan zobe na jini, to tayi ya soma ne ya tsaya.

Ka kuma riƙa rubuta wa kowane ƙwai da fensir ranar da aka saka shi da akurkin da ya fito, in da hali har da kazar da ta saka shi. Sau da yawa abin da ake ɗauka lalacewar garke ne gaba ɗaya, in aka bi rubutu sai a tarar kaza ɗaya ce ko biyu ke jawo lissafin ƙasa.

Ina kyautata zaton yawancin ƙwan da ka gani wayam na Brahma ne. Zakara ba shi da gaɓar da ke shiga jikin kaza. Barbararsu haɗuwar dubura da dubura ce na 'yan daƙiƙoƙi, kuma duk abin da ya shiga tsakani ya ɓata aikin. Brahma da Wyandotte, haka ma Cochin da Orpington, an yi shekaru ana zaɓensu a kan yawan gashi mai laushi a gindi, saboda shi ne ke ba su wannan cikar da ke burge mai kallo. Za ka ga zakara ya hau ya sauka ka ɗauka an gama, nan kuwa maniyyin a kan gashi ya tsaya. Samu almakashi, wani ya riƙe maka kazar, ka rage gashin da ke kewaye da dubura kamar santimita 2 zuwa 3: ita kaza ka fi rage na sama, shi zakara na ƙasa. Yankewa za ka yi, kada ka fige, domin wanda aka fige yana tsirowa cikin 'yan makonni, wanda aka yanke kuwa yana nan har sai sun zubar da gashi. Yayin da kake wannan aiki ka buɗa gashin ka duba fatar. In ka ga ƙwarƙwata na gudu, ko ƙwanta ya dunƙule fari a gindin gashi, ka samu wani sababin. Zakaran da ƙwari ke damunsa dare da rana ba ya mai da hankali kan kaji.

Sai nauyi. Zakaran Brahma kan kai kilo 5 ko fiye, kuma saboda ba su cika yawo ba suna saurin tara kitse. Mai ƙiba maniyyinsa na raguwa, hawan ma yana yi masa wuya. Juya shi ka duba tafin ƙafarsa, ko akwai kumburi mai baƙin ɓawo a tsakiya, wanda dirowa daga doguwar sandar kwana ke jawowa. Zakaran da ƙafa ke yi masa ciwo zai yi ta cara yana zagaya kaza amma ba zai daidaita a bayanta ba. Manyan irin nan kuma ba sa balaga da wuri: ƙananan kaji zakaransu na iya aiki a wata biyar ko shida, Brahma kuwa kada ka dogara da shi kafin wata takwas ko tara, kuma bayan shekara uku ƙarfinsa na ja da baya. Kada ka ba shi kaji fiye da biyar ko shida. Ka zauna kusa da akurkin da la'asar, lokacin da suka fi barbara, ka ga wace yake bi wace yake ƙyalewa, domin zakaru suna da 'yan lele. Tsananin zafi ma, da ya haura digiri 30 ya daɗe, yana rage ingancin maniyyi, kuma ko iska ta sauya sai an ɗauki makonni kafin ya dawo daidai.

Akwai wani abu game da jikin kaza da ya kamata ka sani kafin ka soma sauye-sauye, in ba haka ba za ka karanta sakamakon a baibai. Kaza tana adana maniyyi a wasu 'yan ƙananan bututu a cikin hanyar ƙwai, tana sakinsa kaɗan kaɗan. Bayan barbara ɗaya, ƙwai mai zakara na fara fitowa a rana ta biyu, ya ci gaba da kyau har kwana bakwai zuwa goma, wani lokaci ragowar ta kai mako uku. Ma'ana in ka aske su yau, ka ba su kamar mako guda kafin ka sake gwadawa. In kuma ka sauya zakara, sai ka bari mako uku zuwa huɗu sun wuce kafin ka tabbatar ƙwan na sabon ne shi kaɗai.

Wyandotte suna da tasu matsalar bayan ta gashi, kuma tana cikin zankonsu. Wannan shimfiɗaɗɗen zanko mai ƙurarraji, wanda shi ne alamar irin, ƙwayar gado ce mai rinjaye: ko kwafi ɗaya tsako ya gada zai fito da shi. An daɗe da sanin cewa zakaran da ya gaji kwafi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, maniyyinsa ba ya motsi da ƙarfi kuma ba ya daɗewa a jikin kaza. A 2012 masu bincike suka gano dalili: wani yanki na kuromozom na 7, ɗaya daga cikin zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, ne ya juya, juyawar ta haifar da siffar zankon, ta kuma karya wata ƙwayar gado da ke da hannu a motsin maniyyi. Mai kwafi ɗaya lafiyarsa ƙalau. To ga inda masu kiwo ke cutar kansu ba su sani ba. In tsako ya fito da miƙaƙƙen zanko a cikin Wyandotte sai su ce jinin ya gurɓata, su kawar da iyayen. Ai waɗannan iyayen su ne masu kwafi ɗaya. Bayan 'yan shekaru garken ya koma masu kwafi biyu zalla, zanko ya yi kyau, ƙwai ya yi wayam. Ni shawarata, tsakon da ya fito da miƙaƙƙen zanko ka fitar da shi daga layin kiwo, amma ubansa ka riƙe shi gam. In kana son sanin zakaranka wane iri ne, haɗa shi da kaza mai miƙaƙƙen zanko ka ƙyanƙyashe ƙwai goma sha wani abu: in duk 'yan tsakin sun fito da shimfiɗaɗɗe, kusan tabbas kwafi biyu gare shi. Irin wannan zakara ba a yar da shi, sai dai a rage masa kaji zuwa uku ko huɗu, a bar shi tare da su kullum, kada a riƙa zagayawa da shi akurki akurki, kada kuma a haɗa shi da wani zakaran a wuri ɗaya, domin maniyyin ɗayan zai rinjaye nasa.

Chabo kuwa lissafinsu a bayyane yake. Durguntar da ake sonsu dominta ƙwayar gado ce mai kisa. Mai kwafi ɗaya shi ne durgu, marar ita ƙafarsa doguwa, mai kwafi biyu ba ya rayuwa. Yawanci yana mutuwa a rana ta 3 ko ta 4 a cikin ƙwai, kaɗan ne ke kaiwa ƙarshe da naƙasassun gaɓɓai su mutu a can. Duk durgun da ke yawo a akurkinka kwafi ɗaya gare shi, don haka in ka haɗa durgu da durguwa, kashi 25 cikin ɗari na ƙwai masu zakara matattu ne tun ranar da aka saka su, ko a wane inji ka zuba su. Ɗauki ƙwai 40 masu zakara: 20 durgu, 10 masu doguwar ƙafa, 10 su mutu. Yanzu haɗa durguwa da zakara mai doguwar ƙafa na irinsu: 20 durgu, 20 masu doguwar ƙafa, babu mai mutuwa ta wannan dalili. Adadin durgun bai ragu ko ɗaya ba. Ga shi kuma zakara mai doguwar ƙafa ya fi iya hawa. Ban ga hujjar ci gaba da haɗa durgu biyu ba. Irin wannan ƙwaya mai kisa tana nan a kajin Scots Dumpy, akwai makamanciyarta a Araucana masu tuntun gashi a kunne, inda mai kwafi biyu ke mutuwa wajen rana ta 17 zuwa 19, in wata rana ka yi sha'awar ƙara su.

Yanzu ga wata tambaya da nake so ka amsa wa kanka da gaskiya: kwana nawa ƙwan tsantsar ke yi a ajiye kafin ya shiga inji? Kajin gauraye suna da yawa kuma suna saka ƙwai kullum, cikin kwana uku ka tara abin da kake so. Brahma da Chabo ba su da yawan ƙwai, sai mutum ya yi mako biyu ko uku yana tarawa. A ranar zubi za ka ɗauka ƙwai iri ɗaya ka zuba, alhali wani sabo ne wani tsoho. Daga kwana bakwai ƙyanƙyasa na fara raguwa, bayan mako biyu raguwar ta yi tsanani, kuma tsohon ƙwai yana jinkirin fitowa kamar awa ɗaya a kan kowace ranar ajiya. Ana ajiye ƙwai ne a sanyin digiri 13 zuwa 16, da ɗan danshi, tsininsa a ƙasa, ana karkata tiren sau ɗaya ko biyu a rana. In ɗakin ya haura digiri 21 zuwa 24, tayin zai soma girma a gurguje ya tsaya, ya sake somawa, har ya gaji ya mutu a kwanakin farko na inji. Gara ka zuba ƙwai goma sabbi kowane mako da ka tara arba'in. Kada ka wanke ƙwai, musamman da ruwan sanyi: ɓawonsa na da dubban ƙananan ƙofofi da wani siririn rufi a kansu, wanki na cire rufin, ruwan sanyi kuma ya tsotso ƙazanta ciki. Mai kashi sosai, mai tsagewa, mai siririn ɓawo, ƙato fiye da kima ko mai baƙuwar siffa, duk ka ware su.

Kason injin yana bayyana ne a 'yan tsakin da suka mutu a ƙarshe. Ƙa'idar ka san ta: digiri 37.5 a inji mai fanka, danshi kashi 50 zuwa 55 har rana ta 18, juyawa aƙalla sau uku zuwa biyar a rana, sannan a daina juyawa a ɗaga danshi zuwa 65 ko 70. Amma kada ka yarda da lambar da injin ke nunawa sai ka gwada ta da ma'aunin zafi na asibiti, rabin digiri ma yana da tasiri a kwana 21. Danshi kuwa, abin da ya fi na'ura gaskiya shi ne sikeli. Ana so ƙwai ya rasa kashi 11 zuwa 13 na nauyinsa zuwa rana ta 18, wato mai giram 60 ya dawo kamar 52 ko 53. Ƙwan Chabo ƙarami ne, yana saurin bushewa. Na Brahma babba ne, yana jinkiri. Danshin da ya dace da ƙwan gauraye mai matsakaicin girma yana iya yi wa ɗaya yawa ya yi wa ɗaya kaɗan. Auna kowane iri daban a ranar zubi, ka sake aunawa a rana ta 7 da ta 14.

A rana ta 23 ka fasa waɗanda ba su fito ba ta ɓangaren mai faɗi, ka duba da kyau. Tsako mai lafiya kansa na ƙarƙashin fiffikensa na dama, bakinsa na fuskantar gurbin iska, wato ɗan filin da ke ɓangaren mai faɗi na ƙwai. A rana ta 19 zuwa 20 yake huda yanar da ke cikin ɓawo ya shiga gurbin ya soma numfashi, sannan ya fasa ɓawo. In ka tarar gurbin iska ƙarami ne, tsakon ya kumbura jage-jage da ruwa, danshi ya yi yawa. In yanar ta bushe ta manne masa kamar takarda, danshi ya yi kaɗan ko an yi ta buɗe injin lokacin fitowa. In kansa na ɓangaren tsini, an kifa ƙwan ne ko juyawa ba ta wadatar ba. Waɗanda suka fito kafin lokaci da cibiya mai jini zafi ne ya yi musu yawa, masu makara kuwa ya yi kaɗan. Ka buɗe ƙofofin iskar injin sosai a kwana ukun ƙarshe, a lokacin ne buƙatarsu ta iska ke kaiwa ƙololuwa.

Mutuwar tayi takan taru ne a makon farko da kwana ukun ƙarshe. In ka ga da yawa sun mutu a tsakiya, wajen rana ta 8 zuwa 14, ka tuhumi abincin iyaye ko ƙwayoyin cuta. Abincin da ya isa kaza ta saka ƙwai bai isa ya gina tsako ba, shi ya sa ake da abincin iyaye daban, wanda ake soma ba su kamar wata guda kafin a fara tara ƙwai. Ƙarancin bitamin B2 yana barin alama: gashin tsakon ya dunƙule ƙulli ƙulli, waɗanda suka fito kuma yatsunsu su nannaɗe. Ƙarancin sinadarin manganis na kawo gajerun ƙafafu masu kauri da lanƙwasasshen baki. Bitamin E da sinadarin siliniyam zakara ya fi buƙatarsu. Bitamin na lalacewa in buhu ya daɗe a zafi, kuma abincin da ya yi fumfuna gubarsa na taɓa zakara da kaza da tayi baki ɗaya, kada ka ba su ko kaɗan. Ta ɓangaren cuta, maikofilazma da salmonela suna bi ta cikin ƙwai daga uwa zuwa tsako, mashaƙon kaji da cutar Newcastle kuma suna lalata hanyar ƙwai, ka ga ɓawo ya yamutse, farin ƙwai ya tsinke kamar ruwa. In kajinka na atishawa, ko idonsu na kumfa, ko 'yan tsaki na mutuwa a makon farko da farin kashi manne a gindi, wannan aikin likitan dabbobi ne da gwajin jini. Sai dai da cuta ce ko abinci babban sababin, da gauraye ma sun taɓu, tunda tare kake kiwonsu.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne jimlar nan ta zakara ɗaya da kaji biyu daga hannun mutum ɗaya. Galibi irin wannan ukun 'yan uba ɗaya ne, wani lokaci ma uwa ɗaya uba ɗaya. Ko mu ɗauka ba su da dangantaka, 'ya'yansu duk uba ɗaya ne, kai kuma ka haɗa su, yanzu kana haɗa jikoki. Masana gado suna auna kusancin jini da kaso: 'ya'yan da aka samu daga wa da ƙanwa shaƙiƙai kashi 25 ne, in aka maimaita a zuriya ta biyu ya zama 37.5, ta uku 50. 'Yan uba kuwa 12.5 ne a karon farko. Kowace kaza tana ɗauke da wasu gurɓatattun ƙwayoyin gado a ɓoye, waɗanda ba sa cutarwa matuƙar kwafi ɗaya ne. Dangi na kusa gurɓatattun nasu iri ɗaya ne, don haka yawan haɗa su na ƙara yawan 'yan tsakin da ke gadon kwafi biyu. Kuma abin da ke fara faɗuwa, tun kafin ka ga wani aibi a siffar manyan, shi ne ƙyanƙyasa: tayi ya mutu ba dalili, tsako ya huda ɓawo ƙarfinsa ya ƙare, waɗanda suka fito wasu da karkataccen baki ko yatsu, kajin su riƙa ƙanƙancewa zuriya bayan zuriya, ƙwai ya ragu. Kajinka na gauraye akasin haka suke, abin da uwa ta ɓata uba ya rufe, shi ya sa suke jure kuskuren inji da tsufan ƙwai da tsantsar ba za su jure ba.

Maganin shi ne sabon jini daga cikin irin, ba tare da ka gauraya da wani iri ba. Nemi zakara daga wani mai kiwon, amma ka tambaye shi asalin nasa, domin irin da ba shi da yawa sau da yawa duk masu shi daga tushe ɗaya suka samo, ka je nesa ka sayo ɗan'uwan naka. Ka killace baƙon wata guda kafin ya haɗu da garke. Kada ka ba shi kajin duka: raba su biyu, rabi da tsohon zakara rabi da sabo, jira mako huɗu, ka zuba ƙwansu tare da alama. In na sabon ya fi fitowa nesa ba kusa ba, ka gano ciwon da idonka.

Daga nan kuma kada ka koma gidan jiya. Tsarin da na fi ba masu ƙaramin garke shawara a kai shi ne na gida uku. Ka raba kowane iri gida uku, ka sa musu zobe mai launi a ƙafa, misali ja da kore da shuɗi. Kowane tsako gidan uwarsa yake bi. Mata ba sa barin gidansu, maza ne ke matsawa: zakaran ja ya tafi kore, na kore ya tafi shuɗi, na shuɗi ya dawo ja, kullum ta hanya ɗaya. Da haka za ka yi shekaru da dama kusancin na hawa a hankali. Na san wannan na nufin akurki tara ga iri uku. In wurinka ko aljihunka ba zai ɗauka ba, gara ka rage zuwa iri ɗaya ko biyu ka riƙe su da kyau, ko ku haɗa kai da wasu masu kiwon ku riƙa musayar zakaru.

Akwai masu komawa ga barbarar hannu, wato a tatsi maniyyin zakara ta hanyar shafa bayansa da cikinsa, dabarar da Burrows da Quinn suka fito da ita a shekarun 1930, a zuba wa kaza kamar mililita 0.05 sau ɗaya a mako da yamma bayan ta saka ƙwai. Tana aiki, kuma tana da amfani in zakara mai daraja ya ji ciwo a ƙafa. Amma ba na son a mai da ita hanyar kullum, domin tana ba zakaran da ba ya iya barbara damar yaɗa rauninsa.

Wannan ya kawo ni ga zaɓen iyaye. Mai kiwon tsantsar iri idonsa na kan launi da zanko da tsayuwa, ba laifi, don su ake kiwon. Amma iya barbara da iya fitowa daga ƙwai su ma gado ne, kuma duk abin da ba ka zaɓa dominsa ba yana zubewa. In kaji biyu sun yi kusa a kyau, ɗauki wadda littafinka ya nuna ƙwanta ya fi fitowa, ko da ɗayar ta ɗan fi ta launi. Tsakon da ya huda ɓawo kan ɗauki awa 12 zuwa 24 kafin ya fito, a wannan lokacin yana shanye jinin yanar yana jan ragowar gwaiduwa cikin cikinsa, don haka kada ka taɓa shi da wuri, za ka sa shi zubar da jini. In awa 24 ta wuce bai ci gaba ba kuma ka ga yanar ta bushe, kana iya jiƙa ta da ruwa mai ɗumi ka ɓare ɓawon kaɗan kaɗan, ka tsaya da zarar ka ga jini. In ya rayu ka sa masa zobe na daban a ƙafa, ka rene shi kamar sauran, amma komai kyan da ya yi in ya girma kada ka sa shi cikin iyaye.